Kazar Gwaggo a Shara Mansur

A garin Makka tantabara ce 'yar gata. Ba a farautarta a cikin Harami, alhazai ma hatsi suke watsa mata. Kaza kuwa ba ta samu wannan alfarma ba, domin malamai sun ce dabbar gida ce, ko mai harama zai iya yankata. Yawancin kajin da na gani a can sun riga mu gidan gaskiya: ko daskararru daga Barazil, ko soyayyu a kwalin Albaik.

Shi ya sa na yi turus da na hau saman benen wata gwaggona a Shara Mansur, unguwar da Hausa ke tashi kamar kana Fagge, na tarar da wake-waken kaza kwance a kwali, ƙafarta ɗaya a naɗe. Muzuru ne ya biyo ta, ta faɗo daga katanga. Babu karan dawa a Makka, sai Gwaggo ta tsaga asuwaki biyu, ta shafa man kaɗanya, ta sa auduga, ta ɗaure da tsumma. Kullum da asuba takan taɓa 'yan yatsun. In sun kumbura ko sun yi sanyi, ɗaurin ya matse ke nan, sai ta sassauta. Ta kuma raba ta da sauran kajin, don kaza ba ta san zumunci ba, in ta ga jini a jikin 'yar'uwarta sai tsattsaga.

Na ce, "Gwaggo, ai da kin sa wuƙa kin huta."

Ta ce, "Kai ɗan nan, mai ƙwai ce. Ka taɓa jin an yanka kazar ɗori?"

Nan muka sa zare. Ita ta yi imani da abin da ake faɗa kan wasu maɗora, cewa in an kawo mai karaya sukan karya ƙafar kaza su ɗaure, ranar da kazar ta taka, ranar majinyaci zai miƙe. Har rantsuwa ta yi cewa ta gani a ƙauyensu tana yarinya. Ni dai lissafin bai fitar mini ba. Ƙashin tsuntsu saurin haɗewa gare shi, mako 2 zuwa 3 ya kama, alhali ƙwaurin babban mutum yakan ci wata 3 ko fiye. Wanda ya biye wa kaza ya miƙe, zai koma wa maɗori da sabon aiki. Amma fa na yarda da abu ɗaya: mutumin da ya kwana arba'in a tabarma, in ya ga kazarsa ta fara tono a tsakar gida, zuciyarsa za ta yi ƙarfi. Sai dai ita kazar wa ya tambaye ta? Garin tone-tone aka ce take tono wuƙar yankanta, ita wannan ko tonon ba ta yi ba.

Kafin in bar garin kazar Gwaggo ta sauke ƙafar, tana ɗingishi, ta ci ta goge baki a siminti kamar ba a yi mata komai ba. Bayan babbar Sallah na buga waya ina tambayar lafiyarta. Gwaggo ta yi dariya, ta ce baƙi ta yi daga Maraɗi, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka.