Motar gazuwal ko ta fetur: wace ce ta dace da manomin Yelu?

A ƙasar Yelu, cikin jihar Dosso, Allah ya hore mana fadama mai albarka. Muna noman rake, da rogo, da shinkafa, ga kuma gero da dawa a tudu. Amma amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa suke tara kuɗi don sayen a-kori-kura, irin su Toyota Hilux ko tsohuwar Peugeot 504. A nan ne gardama ke tashi: a sayi mai shan gazuwal, ko mai shan fetur, wanda wasu ke ce wa isansi? Kuɗin gumin shekaru ne za a kashe, don haka sai a yi lissafi kafin a biya.

Kuɗin lita

Shekaru da dama, mu mutanen bakin iyaka mun saba da fetur mai araha da ke shigowa daga Najeriya ta wajen Kamba. A ranar 29 ga watan Mayu 2023, shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin da gwamnati ke sa wa fetur. Nan da nan kuɗinsa ya hau, arahar nan ta wuce. A Nijar kuma, matatar SORAZ ta Damagaram tana tace mai tun 2011, gwamnati ce ke yanke farashi. A watan Yuli 2024 an mai da litar fetur sefa 499, ta gazuwal kuwa sefa 618. A watan Maris 2025 an yi ƙarancin fetur a ƙasar, har motoci suka yi dogayen layuka a gidajen mai. Ke nan farashin lita abu ne mai sauyawa, mota kuwa za ta daɗe a hannunmu.

Mu yi lissafi tare

Injin gazuwal ya fi tsimin mai. Litar gazuwal ta fi ta fetur ƙarfi, kuma injinsa ya fi cin moriyar abin da ya ƙona. To, amma litarsa ta fi tsada. Ga misali da farashin 2024.

Daga Gaya zuwa Dosso akwai kimanin kilomita 150, zuwa da dawowa 300 ke nan. Mu ɗauka motar fetur tana shan lita 12 a kowace kilomita 100. Za ta sha lita 36, wato sefa 17,964. Mu ɗauka ta gazuwal tana shan lita 9. Za ta sha lita 27, wato sefa 16,686. Rarar da aka samu ita ce sefa 1,278 kacal.

Yanzu a ce motar gazuwal ta fi 'yar uwarta tsada da sefa miliyan 1 wajen saye. Sai an yi wannan tafiya kusan sau 780 kafin rarar mai ta mai da kuɗin. Mai fita sau ɗaya a mako ba zai ga ribar ba, ko da ya shekara goma. Kuma idan injin ya tsufa har yana shan lita 10, to ya fi na fetur cin kuɗi.

Nauyi da ja

Inda gazuwal ya yi zarra shi ne wajen ɗaukar nauyi. Injinsa yana ba da ƙarfi tun yana juyawa a hankali. Saboda haka yana tashi da lodin rake cikin yashi ko taɓo ba tare da an matsa masa ba. Idan an ɗaura wa motar tirela, ko za ta jawo wata da ta kafe, nan ma ya fi juriya. Injin fetur kuwa sai an taka shi sosai, ya yi ta kwankwaɗar mai yana zafi. Da nauyi a baya, tazarar shan mai tsakaninsu tana ƙaruwa.

Sai dai ƙarfin inji ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Kowace mota akwai iyakar nauyin da aka rubuta mata. Wanda ya zarce shi zai kashe taya da kuloci, kuma yana wasa da rayukan mutanen da ke zaune bisa kaya.

Gyara

Injin gazuwal yana daɗewa, amma ba ya son ƙazamin mai. Ruwa ko ƙasa kaɗan cikin jarka sun isa su lalata famfonsa da bututun da ke fesa mai, kuma gyaransu da tsada. Injin fetur, musamman tsohon yayi, kusan kowane bakanike ya san kansa. Kafin mu saya, mu tambayi makanikan Gaya: akwai kayan gyaran wannan mota a kusa? Motar da ta kwana uku tana jiran kayan gyara, lodinta na rogo ya lalace.

Lafiyarmu

A shekarar 2012, hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa hayaƙin gazuwal yana jawo ciwon daji na huhu. Hayaƙin fetur shi ma yana kisa a rufaffen wuri. Kada a bar mota tana aiki cikin ɗaki ko kusa da yara. Fetur yana kama wuta da sauri, kada a aje shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Kada a zuƙo mai da baki.

Shawara

Idan motar za ta yi aiki kullum, da nauyi da nisan tafiya, ta gazuwal ce ta dace, muddin za a sha mai a gidan mai, a kuma riƙa canza mataci da baƙin mai kan lokaci. Idan kuwa ranar kasuwa kaɗai za ta fita, da kaya matsakaita, ta fetur ta wadatar.

Kafin a biya, a gwada motar da lodi. A cika tanki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, a rubuta litar da ta sha. Alƙaluman da muka rubuta da hannunmu sun fi daɗin bakin dillali. Hausawa sun ce araha ba ta ado.