Oferon: Yadda Bakteriya Ke Tsimin Ƙarfinta

A cikin hanjin ɗan Adam akwai wata ƙwayar bakteriya da ake kira E. coli. Duk da ƙanƙantarta, tana ɗauke da ƙwayoyin gado fiye da 4,000 a jere kan zaren DNA, kusan kowace da irin furotin ɗin da take ba da umurnin a ƙera. Da za ta ƙera su duka a lokaci guda, da ƙarfinta ya tafi a banza, wadda ta fi ta tsimi ta hayayyafa ta mamaye wurin. To, yaya take zaɓe?

Tun a 1941 Jacques Monod ya lura cewa idan aka haɗa wa bakteriya sukari iri biyu, sai ta cinye ɗaya, ta ɗan dakata, sa'annan ta koma kan ɗayan. A 1961 shi da François Jacob, a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, suka fito da bayanin oferon, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Oferon shi ne jerin ƙwayoyin gado maƙwabtan juna, masu aiki ɗaya, waɗanda ƙofa guda ke buɗe su ko rufe su. Na sukarin madara, watau laktos, ƙwayoyi 3 gare shi. Ta farko ke samar da sinadarin da ke raba laktos gida biyu, ta biyu kuwa mai shigo da shi ciki. Ta ukun ba ta dame mu a nan ba. Kafin a ƙera kome, sai wani sinadari ya kwafi umurnin daga zaren. Bari mu kira shi magatakarda. A bakin ƙofa kuma akwai furotin mai tare hanya, wanda a ganina dogari ne sunan da ya dace da shi. In babu laktos, dogari na manne da zaren, magatakarda ba shi da hanya. In laktos ya shigo, sai a juya kaɗan daga cikinsa ya zama alolaktos, ya kama dogari ya sauya masa siffa, dogari ya saki zaren, kwafi ya kankama.

Mai karatu zai ce, ta ina laktos ɗin farko ya shiga alhali ƙofa na rufe? Ai ba ta rufuwa ruf. Dogari kan saki jefi-jefi, a ɗan ƙera abin da zai shigo da laktos ɗin farko. Da rufin ya cika, da har abada ba a buɗe ba.

Sauran sharaɗi guda: sai gulukos ya yi ƙaranci tukuna wani furotin mai suna CAP ke taya magatakarda zama da kyau. Dakatawar da Monod ya gani lokacin wannan sauyi ne.

Oferon ɗin tiriftofan, mai ƙwayoyi 5, akasin haka yake. Bakteriya ce ke haɗa wannan sinadari da kanta, saboda haka ƙofar a buɗe take har sai ya wadata, sa'annan shi da kansa ya kama dogari ya zaunar da shi kan zaren, aiki ya tsaya.