Mai Galahanga Ma Yana Son Ganin Gari

A Limawa da sauran unguwannin Dutse, idan ranar Sallah ta zo yara kan ci ado su tafi kallon hawan Sarki. Amma akwai yaron da akan bari a gida, wani lokaci har a kulle shi a ɗaki. Shi ne yaron da ake cewa yana da galahanga, lalurar da likitoci ke kira otizim. Iyaye suna gudun kada ya ɓata, ko ya yi ta ihu a cikin jama'a a yi musu dariya. Tsoron nasu yana da dalili, amma kulle ba magani ba ne.

Mece ce galahanga?

Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma takan bayyana tun yaro yana ƙarami. Wani yakan daɗe bai fara magana ba. Wani ba ya son haɗa ido da mutane. Wani yakan yi ta maimaita abu ɗaya, kamar kaɗa hannu ko jujjuya murfin kwano. Ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma bincike ya nuna allurar rigakafi ba ta kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin kowane 127 yana da ita. Tun 2008 ake tunawa da masu ita kowace ranar 2 ga Afrilu.

Me ya sa tafiya ke yi masa wuya?

Yawancin masu galahanga suna jin ƙara fiye da sauran mutane. Hon ɗin mota a tasha, kiran 'yan kamasho, harbin bindigar hawa, duk sukan zame masa kamar ana buga masa guduma a kai. Sannan ya fi samun natsuwa da abin da ya saba. Idan aka canja masa hanya ko lokacin abinci ba zato, sai ya rikice. Ihun da yake yi a lokacin nan na firgita ne. Duka ƙara masa tsoro yake yi.

Yadda za a fara

Sannu ba ta hana zuwa. A fara da ƙofar gida, sai masallacin unguwa, sai gona. Bayan ya saba, a kai shi kasuwa da sassafe kafin ta cika, a dawo da shi tun bai gaji ba.

Kafin tafiya mai nisa, a gaya masa tun kwana biyu ko uku. A nuna masa hoton wurin a waya, ko a zana masa mota da hanya a takarda. A faɗa masa abin da zai faru bi da bi: za a hau mota, za a sauka, za a ci abinci, za a dawo gida.

A tafi masa da abincin da ya saba ci, da ruwa, da abin wasan da yake ƙauna. A mota a nema masa gefen taga. Idan ƙara ta dame shi, a rufe masa kunne da hula ko ɗankwali. Babba guda ya ɗauki nauyin kula da shi daga fita har dawowa, domin idan aka ce kowa ya sa ido, a ƙarshe ba wanda zai sa.

A nan karatu yana da rana. A rubuta sunan yaron, da unguwarsu, da lambar wayar mahaifi a ƙyalle, a ɗinka a jikin rigarsa. Wasu masu galahanga sukan sulale ba a sani ba, kuma ruwa yana jan hankalinsu. Don haka a kiyaye da kududdufi da rafi, musamman da damina.

Ina za a je?

Wurin da ba hayaniya ya fi. Duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa suna nan kusa. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu zane-zanen mutanen da, irin su Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa. A Baturiya, ƙasar Haɗeja, tsuntsaye daga ƙasashen Turai sukan sauka lokacin sanyi. Ko hawan Sallah ma, ana iya kallonsa daga nesa.

Manya fa?

Yaro mai galahanga yakan girma da ita. Wanda aka saba masa da fita tun yana ƙarami ya fi iya zuwa biki, ko asibiti, ko neman sana'a a wani gari. A Ingila, filin jirgin sama na Gatwick ya fito da wata dabara a 2016: igiyar rataye mai zanen fure, wadda ke nuna wa ma'aikata cewa mai ita yana bukatar a bi shi a hankali. Yanzu filaye da yawa a duniya suna amfani da ita. A Nijeriya kuwa, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna wa masu lalura bambanci, har a motocin haya.

Direbobi da 'yan kamasho da maƙwabta suna da nasu aikin: haƙuri, da hana yara tsokana. Iyayen da suka ga alamun galahanga su kai yaron asibiti, kamar na Rasheed Shekoni da ke Dutse, don a duba shi a ba su shawara. Allah ya raya zuri'a.