Idan hannu ya ƙi aiki, a duba wuya

A ƙauyukanmu na Kunchi, Makoɗa ko Tsanyawa ba a rasa dattijon da fartanya ta fara suɓuce masa, saka maɓallin riga ya zame masa aiki, in ya shiga gona kuma ƙafa ta riƙa harɗewa a kan kunya. Mukan ce tsufa ne ko sanyi, wasu ma su ce sammu. Sau da yawa tushen abin a wuya yake, ko da wuyan ba ya ciwo.

Ƙasusuwa 7 ne jere a wuya, da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Ta cikinsu akwai kogo, nan laka ta ratsa, wato igiyar jijiyoyin da ta taso daga ƙwaƙwalwa, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Duk umarnin motsi zuwa hannu da ƙafa ta nan yake bi. Idan faifan ya bulluƙo, ko ƙashi ya yi tsiro saboda shekaru, ko tarin fuka ya ci ƙashin, sai kogon ya tsuke ya danne laka. Mai noman rani a Watari ya san abin da ke faruwa in an taka tiyo: inji na aiki, amma ruwa ba ya isa shuka. Haka ƙwaƙwalwa ke aika saƙo, sai ya isa a makare ko da rauni. Dannewar tana kuma rage jinin da ke ciyar da lakar. Shi ya sa yatsu ke mutuwa, ƙafafu su sandare, wani in ya sunkuyar da kai ya ji kamar lantarki ya ja shi a gadon baya. In abin ya yi nisa, riƙe fitsari ma yakan gagara.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Jijiyar laka in ta mutu da wuya ta farfaɗo, kuma tiyata ta fi amfani wajen tsayar da ɓarna kafin ta yaɗu. Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa inda cutar take, murɗa wuya kuwa yana iya shanye jiki gaba ɗaya.

Wanda ya ga waɗannan alamu ya je babban asibitin Bichi ko Ɗambatta, ya nemi a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda hoton MRI zai nuna wurin da aka danne. Kafin nan ya daina ɗaukar kaya a ka.

Idan kuma wani ya faɗo daga babur ko bishiya ya ce wuyansa, kada mu zaunar da shi, kada mu naɗe shi cikin a-daidaita-sahu. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jiki har a isa asibiti.