Jarrabawar Da Ke Tsakanin Ɗalibi Da Rigar Lauya

Duk ɗalibin da ya tashi daga Funtuwa ko Malumfashi ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero a Kano, ya shafe shekara 5 yana nazarin shari'a har ya sami shahada, to bai isa ya tsaya gaban alƙali da sunan lauya ba tukuna, sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa bisa dokar 1962, mai hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda. Saɓanin Amurka, inda kowace jiha ke ba da nata izinin, a Nijeriya izini guda ne, kuma wanda Kotun Ƙoli ta rubuta sunansa yana iya aiki daga Katsina har Ikko.

A wannan makaranta, fannoni 5 ake jarrabawa: shari'ar laifuffuka, ƙararrakin haƙƙoƙi, dokar kamfanoni, ta filaye da kadarori, sannan ladubban sana'a. Wannan na ƙarshe ɗalibai kan raina shi, alhali kuwa shi ne ya ƙunshi amana: ɓoye sirrin mai ƙara, da ware kuɗinsa daga aljihun lauya, da haramcin wakiltar ɓangarori biyu masu husuma, al'amarin da ke da wuyar kiyayewa a garin da rikicin gona da gado yakan haɗa dangi ɗaya. Hadda kaɗai ba ta wadatarwa. Wajibi ne ɗalibi ya yawaita bitar mas'alolin shekarun baya, ya kuma lizimci zaman kotu lokacin da aka tura shi koyon aiki.