Tsofaffin Kakuri da Haƙƙin Ciyar da Iyaye

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi Kakuri da Makera, ya shiga ƙasar masaƙu. A nan ne aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardaunan Sakkwato, sa'an nan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Samari suka yi ta kwararowa daga Zazzau da Katsina da ƙasar Nufe, suka kama aiki, suka yi aure, suka gina masallatai. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007. Samarin nan su ne dattawan da ke cika sahun farko a yau, kuma da yawansu sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama.

Wani abin lura shi ne, da jarin mutanen Japan aka kafa Arewa Textiles. To, ita Japan ɗin yanzu tsufa ya cim mata. Jama'arta sun kai miliyan 128 wajen 2008, tun daga nan suke raguwa, kuma kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65 ko sun wuce. Koriya ta Kudu ta fi ta ƙarancin haihuwa. Sin ma, da duk yawanta, jama'arta sun fara raguwa a 2022. Damuwar waɗannan ƙasashe ita ce wa zai yi aiki, wa zai yi jinyar tsoho.

Mu a Nijeriya mun haura miliyan 200, kusan rabinmu kuwa ba su kai shekara 18 ba. Saboda haka sai mutum ya ce wannan ciwo ba namu ba ne, Allah Ya ba mu 'ya'ya. Amma a je Kakuri a gani. Bayan rikicin 2000 da na 2002 Musulmi da yawa sun tashi daga kudancin kogi, suka koma Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwannin arewa. Waɗansu tsofaffin suka ƙi barin gidan da suka gina da guminsu. 'Ya'yan da suka yi boko suna Abuja ko Legas, waɗanda ba su samu aiki ba suna fama da kansu. Sai ka tarar da dattijo mai 'ya'ya goma, amma ba mai kai shi asibiti ran da ciwon suga ya tashi. Uban ya taso a zamanin da albashin masaƙa ke riƙe gida har a aika ƙauye. Ɗan kuwa ya taso ya tarar da ƙofar masaƙa a garƙame, kowannensu yana ganin ɗayan bai fahimce shi ba.

A nan ne ya kamata 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati su san hukunci. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali. Ba kyauta ba ce da ake aikawa da Salla a jira godiya. Wajibin ya hau 'ya mace ma idan tana da dukiya, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kuma ba ya halatta mutum ya ɗauki zakkarsa ya ba uban da ciyar da shi ke wuyansa, domin ya zama ya biya bashin kansa da haƙƙin talakawa. Suratul Isra'i, aya ta 23, ta ambaci lokacin tsufa musamman, watau lokacin da haƙurin ɗa ya fi saurin ƙarewa. Aika kuɗi ta waya yana sauke ciyarwa, amma ba ya zama a bakin gadon majinyaci.

Saura wanda ba shi da ɗa mai hali. Malikiyya ba su wajabta wa jika ko ɗan'uwa ciyar da shi ba, don haka nauyinsa ya koma kan jama'a da baitulmali. Alƙali Abu Yusuf ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali, domin bai ga adalci ba a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Tsofaffin masaƙa, Musulmi da Kirista, inji ɗaya suka tsaya a kai. Kwamitin kowane masallacin Juma'a a Kakuri da Makera da Barnawa yana iya rubuta sunayen dattawan da ba su da mai kula da su kafin azumi ya kama, ya miƙa wa attajiran da ke fitar da zakka a Kasuwar Barci da Babbar Kasuwa.