Me Ya Sa Fai Ɗin Kayan Lambu Ke Tashi a Gefe, Ya Jiƙe a Tsakiya?

Idan ka taɓa gasa buɗaɗɗen fai na kayan lambu da kwaɓin fulawar nan mai ninki-ninki, wanda ake kira fof festiri, ƙila ka ga wannan: gefe ya kumbura yana ƙyas-ƙyas, tsakiya kuwa ya kwanta lakwas kamar danƙo. Sai ka ɗora wa oben laifi. Yawanci ba shi ba ne, ruwa ne.

Fara da wannan: kwaɓin nan ba yis a cikinsa, ba bekin foda. Tururi ne kaɗai ke ɗaga shi. Ana naɗe bota mai sanyi cikin kwaɓin fulawa, a murza, a ninka gida uku, a sake murzawa. A tsarin Faransawa sau shida ake yin haka, kuma uku sau uku har sau shida ya ba ka shafin bota 729, kowanne da siririn shafin fulawa sama da ƙasa, wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Bota kuwa ba zallar mai ba ce: kusan kashi 80 cikin 100 mai ne, wajen kashi 16 ruwa. Da zafin oben ya bugi kwaɓin, ruwan botar da na fulawar ya zama tururi, kuma ruwa in ya zama tururi girmansa na ninkuwa sau 1,600 da wani abu. Man ya hana shafukan manne wa juna, tururin ya tura su sama, sannan zafi ya busar da su a inda suka tsaya.

To ka ga sharaɗin ke nan: dole botar ta kasance a daskare har lokacin da za ta shiga wuta. Tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35, wato ɗakin girki a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu ya isa ya narkar da ita tun kana murzawa. In ta narke, fulawa ta shanye ta, shafukan sun haɗe, abin da za ka samu ɓawon mitfai ne. Don haka yi aikin da sassafe, kuma da ka ji kwaɓin ya fara laushi, mayar da shi firji na minti 20 zuwa 30. Hutun na da wani amfanin: furotin ɗin fulawa, gulutin, yana sakewa, kwaɓin ya daina tsukewa in an murza. Af, kar ka ce za ka sa soyayyen man shanu a madadin bota. Ƙamshi kam akwai, amma suya ta kore ruwansa, ga shi ba ya riƙe siffa.

Yanzu tsakiyar da ke jiƙewa. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, alayyafo da tattasai sun haura 90, albasa na gab da haka. Zafi na fasa ƙwayoyin halittarsu, ruwan ya tsiyayo kan fulawar. Muddin wuri na jiƙe, zafinsa ba zai wuce digiri 100 ba, alhali launin gashi da ƙamshinsa, wato haɗuwar sukari da sinadaran furotin da Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ba sa kankama sosai sai an kai wajen digiri 140. Shi ya sa ƙara minti goma ba ya gyara komai, gefen ne kawai zai ƙone.

Maganin shi ne ka raba kayan lambun da ruwansu tun a waje. Yanka tumatir, cire 'ya'yan, barbaɗa gishiri, ka bar shi a matsami rabin awa. Gishirin zai jawo ruwan waje, sai ka goge da tsumma mai tsabta. Albasa da tattasai ka soya su sama-sama. Alayyafo ka turara ka matse shi da hannu sosai. Sannan ka bar su su huce gaba ɗaya, don kaya mai ɗumi zai narkar da botar da ka sha wahalar sanyayawa. A ganina nan ne aka fi yin kuskure, saboda gaggawa.

Sauran ƙanana ne. Ja layi da wuƙa mai kaifi kamar santimita biyu daga baki, kar ka yanke har ƙasa, ka caccaka tsakiyar da cokali mai yatsu don tururi ya samu mafita. Wuƙa dakusasshiya na liƙe shafukan, haka ma ruwan ƙwai in ya gangara gefen da aka yanka. Oben ya kai digiri 200 kafin ka saka, a ɗora a kan tire da ya riga ya yi zafi, kuma kar ka buɗe ƙofa a minti 15 na farko. Wajen minti 25, ɗaga gefe ɗaya ka leƙa ƙasan: in bai yi ja ba, bai gasu ba.